Ina wasiƙar Yaya ta goma sha biyu?

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida. Bana na gama jami'a, ina zaune ina jiran aiki. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Yayana soja ne, wata goma sha ɗaya ke nan da aka tura su fagen daga. Inda suke waya ba ta shiga, don haka wasiƙa yake rubutowa. Direban motar da ke kai musu kaya ne yake kawowa bariki, matar Yaya ta je ta karɓo. Tun tafiyarsa ita da 'yarsu mai shekara huɗu suka dawo gidanmu. Innarmu ba ta iya karatu ba, ga hawan jini, saboda haka matar Yaya ce take karanta mata, sannan Inna ta adana takardar a gwangwani ƙarƙashin gadonta.

Yaya yana da wata ɗabi'a. Kowace wasiƙa sai ya sa mata lamba a kusurwa, har a kan ambulan, don mu gane idan wata ta ɓata. A ƙasa kuma yakan zana wa 'yarsa agwagwa, duk da Inna ta ce ta fi kama da buta.

Makon jiya Inna ta sa ni in jera mata wasiƙun. Daga ta ɗaya zuwa ta goma sha ɗaya rubutunsa ne. Bahago ne, haruffansa baya suke kwanciya, takardun duk sun sha gumi da naɗi. Ta goma sha biyu babu, na kuma tuna matarsa ta ce mana ta ɓata a hanya. Ta sha uku, sha huɗu da sha biyar kuwa wani hannu ne daban: ƙananan haruffa a miƙe, takarda fes, babu agwagwa ko ɗaya. Na kwatanta da littafin da matar Yaya take rubuta awon ɗinki, don tela ce. Ba su yi kama sosai ba, amma ai mutum yana iya sauya hannunsa.

Shekaranjiya na je ɗauko almakashi a aljihun keken ɗinkinta, sai ga ambulan mai lamba goma sha biyu, a buɗe, da wancan sabon rubutun a bayansa. Na taɓa shi, ban zaro takardar ba. Sannan a da tare muke zuwa bariki, yanzu sau huɗu ke nan tana cewa in zauna da Inna. Matar Yaya ta kuma rame, ko da yake wannan ban auna ba.

Gaskiya maganganun da ke cikin sababbin irin nasa ne. Har yanzu Farfesa yake ce mini, yana tambayar ko an gyara ƙofar kicin. To amma ita ma ta san duk wannan. Tsorona shi ne Yaya ya rasu, ita take rubutawa. Jiya Inna ta tambaye ni ina agwagwar ta shiga, na ce ƙila sauri yake yi. Sai ta ce wasiƙa ta gaba ni zan karanta mata. In karanta ta sha biyun a ɓoye ne, ko in faɗa wa Inna?

Ƙanwar Soja

Ƙanwata, kin iya lura, amma kin tsaya a wuri mafi muni. Rasuwar soja ba abu ne da mace ɗaya za ta ɓoye tsawon wasiƙa huɗu ba. Hukuma takan aiko gida, kuma matan bariki ba sa iya riƙe irin wannan labari.

Sake jera hujjojinki. Bahago ya daina rubutu da zane, amma maganarsa tana nan, lambobinsa ba su tsallake ba, takarda kuma ta koma mai tsabta. Ban ce na tabbata ba, amma wannan ya fi kama da mutumin da hannunsa ya samu rauni, yana kwance a asibiti yana faɗa wani yana rubuta masa. Idan haka ne, a ta goma sha biyu ya gaya wa matarsa, wataƙila har ya roƙe ta kada Inna ta ji.

Ta yi kuskure da ta ce ta ɓata, ta kuma ware ki alhali ɗan'uwanki ne. Amma ki duba, mace ce da ke karatu a gaban surukarta tana murmushi, ga wannan nauyi ita kaɗai. Ramar da ba ki auna ba, ita ma hujja ce.

Kada ki buɗe ambulan ɗin, tsakanin miji da mata ne. Ki same ta ku biyu, ki faɗa mata abin da kika gani, har da taɓa aljihun kekenta, ba da muryar tuhuma ba. Ki nuna mata kin zo ku ɗauka tare ne. Idan ta ƙi magana, ki nemi kawunku ku je ofishin kula da iyalan sojoji a bariki ku tambaya.

Inna kuwa, wadda ta lura agwagwa ta ɓace ba za a daɗe ana ɓoye mata ba, zullumi ma yana tada hawan jini. Da zarar kun san gaskiya, ku gaya mata a hankali, ta sha maganinta, kafin wasiƙa ta sha shida ta iso hannunki.

Sannan ki rubuta wa yayanki da kanki. A ƙasan takardar ki ba 'yarsa biro, wannan karon ita za ta zana masa agwagwar. Allah ya ba shi lafiya, ya dawo muku da shi.