Ranar da Na Kai Su Auta Sinima

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'a takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara miki juriya a kan aikin jinyar da kike yi, Ya sa a gama lafiya. Mu ma nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida shan iska, mitarta ce dai tana nan daram. Ni kuwa kin san keken ɗinki ba ya barin mutum da baya, in na tashi daga shago sai na dafa bango nake miƙewa. Gimbiyarki ta fara karanta allunan shaguna a hanya, ko ɗaya ba ta bari ya wuce. Zancen Auta ne ya zaunar da ni rubutu, domin in kin kira waya yaran suna manne da ni, ba dama in faɗi abin da ke raina.

Kin ce in kai su sinima tunda kin yi musu alkawari. To na kai su ranar Asabar, amma wallahi na ji jiki. Tun daga gida aka fara. Takalmin Gimbiya ɗaya ya yi ɓatan dabo, Auta kuma ta kafe sai jar rigar nan da kika aiko, alhali tana kan igiya ba ta bushe ba, sai da na bi ta da dutsen guga. A tsaye muka je cikin mota, ɗaya a kafaɗa, ɗaya riƙe da gefen rigata. Ga layin tikiti, ga layin gugguru, muna kaiwa gaba Gimbiya ta ce fitsari take ji. Auta kuwa, wadda bakinta ba ya hutawa, shiru ta yi tana ta gyara wuyan riga, ta ƙi taɓa guggurunta, wai ajiyewa za ta yi. Na ce ikon Allah, yarinya ta fara hankali. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ana kashe fitilu allon ya kama, sai ta miƙe tsaye a kan kujera tana ɗaga hannu, tana ƙwala kiran Mama. Na zaunar da ita, ta sake miƙewa. Aka gama talla, aka fara katun ɗin, wasu dabbobi suna ta guje-guje, ita kuwa tambayarta ɗaya, yaushe za ki fito. Sai Gimbiya ta raɗa mini cewa ita ta gaya mata sinima kamar waya take, sai dai girmanta ya kai bango. Kin san tana goye kika tafi, a fuskar waya kaɗai ta san ki. Shi ne ta ɗauka tunda ke kika ce a je, to a can za ki fito, ƙatuwa, yadda za ta iya rungume ki. Guggurun ma naki ne ta ajiye. Kafin in ankara ta sulale ta gangara matakala cikin duhu, ta nufi allon. Na bi ta ina tattaka ƙafafun mutane ina ba da haƙuri, wani yana tsaki yana cewa wa ya ce a kawo jarirai. Mai tsaron ƙofa ya haske mu da tocila, ya ce mu fita har ta yi shiru.

Na bar Gimbiya wajen wata baiwar Allah da ke gefenmu, mu kuma a kan benci a waje muka ƙare namu kallon. Auta ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana cewa in koma in gaya musu su saka Mamanta. Na rungume ta, ni ma na yi nawa, ban damu da masu wucewa ba. Da aka tashi, Gimbiya ta fito da murna za ta ba mu labari, ta kalli fuskar ƙanwarta sai ta haɗiye. Haka muka kamo hanyar gida.

Na san kin lura tun ranar Auta ba ta zuwa in kin kira. Ba wasa ke ɗauke mata hankali ba. Bayan ƙofa take shigewa, wai fushi take da ke, ta yi kwalliya ta je kin ƙi fitowa. Na yi bayani, Inna ta yi, a banza. Ban ce kin yi laifi ba, ƙanwata. Don su kika tafi tun rasuwar Abbansu, kowa ya shaida. Riƙonsu kuma bai gundure ni ba, ɗan 'yar'uwa ai ɗa ne. Amma na gaji, wallahi na gaji da tambayar da ba ni da amsarta. Ki bar aiken riguna haka nan, ki nemi hutu ko na 'yan kwanaki ne ki zo, zumunci a ƙafa yake. Ki zo tun tana fushin, domin mai fushi da kai bai manta da kai ba. Jiya ta faɗi a tsakar gida, da ta taso tana kuka ni ta kira Mama, kuma ba ta gyara ba.

Inna tana gaishe ki tana sa miki albarka, haka Kawu da Gwaggo da maigidana. Gimbiya ta ce in rubuta tana gaishe ki sosai da sosai. Na tambayi Auta me zan rubuta mata, ta juya mini baya. Ki gaishe mini da ƙawarki da kuke zama ɗaki ɗaya. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki