Wa Ke Zana Baba Tunku?

Wurno,
Fabrairu, 1957.

Zuwa ga ɗana Abdulƙadiri,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da mutanen gidan da kake zaune can Zariya. Allah shi ƙara maka lafiya da rufin asiri, shi tsare ka daga abin ƙi. Mu nan lafiya lau muke. Ruwan fadama bai janye da wuri ba, albasa ta yi kai, sai dai tsutsa ta taɓa gefen da ke kusa da gulbi. Ƙafar innarka Tani ta yi sauƙi, har ta koma zuwa rijiya da kanta. Kada ka yi mamakin rubutun, hannuna ne. Malam Mode na ajin yamma ya ce na wuce a riƙa mini alƙalami, in ka ga kuskure ka gyara a ranka.

Na san labarin haihuwa ya riga ya iske ka, amma wanda ya kai maka shi bai ga abin da na gani ba. Ranar suna munka tafi Tursa, gidan surukinka Maccido, inda matarka Hauwa'u ke wankan jego. An raɗa ma yarinya Kaltume, amma tsofaffin mata sun riga sun sa mata Kyauta, saboda shekarun da kunka yi kuna jira. Da anka miƙo mini ita ta kama mini ɗan yatsa ta ƙi saki. Na ce ma innarka ta shaida na yi amarya, ita ko ta ce an dace, amarya ba haƙori, ango ba haƙori. Wallahi hawaye sunka zubo mini gaban mutane, ban ko ji kunya ba. Goshinka gare ta, hanci kuwa na uwarta ne. Tun ranan in ina jan jigon ban ruwa sai in ji ina dariya ni kaɗai, har maƙwabcin gona ya tambaya ko lafiya.

To, sai dai akwai magana, kuma ita ta sa ban jira ka zo ba. Maccido ya ce ko an yi arba'in Hauwa'u ba ta dawowa ɗakinta, ita da Kyauta suna nan Tursa sai abin da Allah ya yi. Dalili kuwa Baba Tunku ne, tsohon nan mai jaki da ake zanawa a bayan 'yar jaridar masu koyon karatu, wadda ake bugawa a ma'aikatarku. Maccido ya rantse shi ake zanawa. Ya ce kuma ba wanda zai yi haka sai wanda ya ci tuwon gidansa.

Ka yi haƙuri in faɗa maka abin da na lura da shi, don ni da Baba Tunku tare munka fara. Da shi na koyi haɗa baƙi. Ba a sa sunan mai rubuta shi, amma na tabbata hannun mutum uku ya bi. Na farko bai taɓa riƙe kalme ya yi noma ba. Ya zana gero nunanne, ga albasa koriya kusa da shi, sai ka ce damina da rani sun haɗu gona ɗaya. Baba Tunku nasa wawa ne mai ƙaton ciki. Ya ƙi lambar rigakafi agana ta kama shi, ya sha ruwan kududdufi kurkunu ya fito masa, kullum a hoton ƙarshe yana kwance, wani mai gajeren wando na tsaye kansa yana nuna shi da yatsa. Mukan yi dariya a aji, amma in mun fito ba mai maganar, don kowa ya san mu ake nufi.

Na biyu malamin birni ne, wannan ba shakka. Wata guda kawai sai cikin Baba Tunku ya sace, ya sami babbar riga da agogo, jaki ya ɓace ba a ce an sayar ba, ba a ce ya mutu ba. Ya shiga jirgin ƙasa, ya zama mai wayo, yana zuba kalmomin Larabci waɗanda sai Malam Mode ya tsaya ya warware mana. Lawwali mai gyaran fitila ya ce wanga ba Baba Tunku ba ne, wani ne ya saci sunansa, har ya daina zuwa aji ranar jarida. Ni ban ƙi shi ba, amma ban taɓa jin ina son in san abin da zai same shi wata mai zuwa ba.

Sai bara, bayan ka koma daga hutu, anka sake hannu. Jaki ya dawo. Baba Tunku ya koma gona, kuma wanga karo gonar gaskiya ce: fangalin ban ruwa a jere, jigo da dutsensa a gindi, rudun ajiye albasa da iska ke shiga ta ƙasa. Ko igiyar da anka ɗaure mangala da ita, ƙullin mutanen gulbinmu ne. Na ce ma Malam Mode mai zanen nan ya sha ruwan Rima. Da farko abin ya yi mini daɗi. Sannan sai Baba Tunku ya fara rataya takalmansa a wuya, ba ya sa su sai ya kai bakin kasuwa. Wata na gaba anka roƙe shi aron garma, ya ce sai ya shawarci jaki tukuna. Sai Lawwali, wanda ya koma zuwa aji ranar jarida, ya ce to ai ga Maccido na Tursa ya shiga jarida. Na tsawata masa, na ce masu tattalin takalmi suna da yawa a duniya. Amma a raina na ce, masu shawara da jaki fa?

Fitowar ƙarshen nan ita ta ɓata komai. An zana Baba Tunku zai ƙetare gulbi lokacin cika, da irin albasa cikin ƙwarya bisa kai. Ruwa ya tafi da riga da wando, ya tsira da iri, ya shiga gida ta bayan danga da mangalar jaki ɗaure a gindi. Ranar kasuwar Goronyo wani ya ɗaga jaridar a rumfar masu albasa, ana ta shewa, yara na bin Maccido suna tambayarsa ina mangala. Ni ban san abin ya taɓa faruwa ba sai da Maccido da kansa ya faɗa mini, muna zaune zaurensa bayan baƙin suna sun watse. Ya ce daminar bara waccan ce, kuma mutum biyu kaɗai sunka gan shi, matarsa da Hauwa'u. Ya ce matarsa ba ta san kowa a Zariya ba. Da innarka ta shiga ciki ta tambayi Hauwa'u, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita dai hira ta taɓa yi da mijinta, ba ta san hira na tafiya cikin mota ba.

Abdulƙadiri, ka ce mana aikinka jera baƙaƙe ne kawai. Ban ƙaryata ka ba. Amma ni na sha goge zanen gawayi a bangon zaure kana yaro, kuma na san yadda kake yin kunnen jaki, ɗaya tsaye ɗaya kwance. Na ɗauko jaridun duka na baza su bisa tabarma da rana tsaka, na bi su ɗaya-ɗaya. Jakin mai hannu na farko kunnuwansa biyu tsaye suke, na yanzu kuwa ɗaya tsaye ɗaya kwance. Mi kake so in ce ma raina?

Abu ɗaya na gani wanda Maccido bai gani ba. Wanda ke rubuta Baba Tunku yanzu yana sonsa. Ba ya kayar da shi a hoton ƙarshe, ba mai tsayawa kansa da yatsa. Ƙarƙashin hoton mangala an rubuta cewa da rani ya zo, duk unguwa wurinsa anka samu iri. Na karanta ma Maccido wannan har sau biyu. Ya ce in riƙe karatuna, shi ba ya boko, mutanen kasuwa ma ba su yi, hoto kowa ke gani, kuma a hoto shi tsoho ne ba wando. Ya ce surukin da ya kamata ya tuɓe takalmi in ya hango shi, shi ne ya tuɓe shi gaban Lardi duka. Gaskiya gare shi.

Sai na yi abin da ya zo mini. Na ce masa ya yi kuskure, Baba Tunku ni ne, halin tsofaffi ne ke kama da juna, ya jira fitowa ta gaba ya gani. Ya dube ni ya ce Attahiru, ƙarya ba ta yi maka kyau, kunnuwanka ja suke yi. Amma ya yarda. Ya ce in jarida ta zo mutanen kasuwa da bakinsu sunka ce ni ne, zai sa a raka Hauwa'u da gararta kafin azumi. In ko ta sake fitowa da shi, to in manta hanyar Tursa.

Don haka ba na tambayarka ko kai ne, kada ma ka ba ni amsa. In dai ka san mai zanen, ka gaya masa akwai wani tsoho a Wurno da ya ba da kansa. Kada a kashe Baba Tunku, kada a mai da shi birni, mutane na sonsa. A cire masa takalma daga wuya. A ba shi kunnuwana masu kama da faifai, da giɓina na gaba, da hulata da ta karkace hagu. A kai shi ajin yamma da farin gemu, ya zauna tsakanin sa'o'in ɗiyansa, ya riƙe fensir kamar ƙotar gatari yana lasar bakinsa, ya yi gyangyaɗi malam na bayani. Duk Wurno da Rabah za su gane ni, su yi ta dariya har su gaji. Ba komai. Ni ina iya karanta abin da anka rubuta ƙarƙashin hoto.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi ka riƙa cin tuwo. Gwaggonka Larai da ƙanenka Isa suna gaisuwa, haka Malam Mode. Hauwa'u ba ta ba da saƙo ba, amma da anka ambaci sunanka ta gyara ma yarinya kwanciya. Ka gai da maigidanka na wurin aiki. Ka hanzarta da maganar nan, kada ka bar ni maƙaryaci gaban surukinka, ina son amaryata ta yi azumin fari a gidana.

Ni ne mahaifinka,
Attahiru Wurno.