Ruwan Dahuwa ta Uku

Zahle, 21 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Dalal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Ramzi da jikokina, kuma tarin da ya dami ƙaramarsu ya sake ta. Ni lafiya lau nake, in ban da kafaɗar dama.

Kafin komai, wajibi ne in gyara abin da kawunki Tanyus ya faɗa miki ta waya. Ban sayi injin 'yan kwana-kwana ba, ban kuma kusa ƙona gida ba, domin har yau ban kunna wuta a ƙarƙashin tukunya ba. Abin da na saya ƙaramin injin tura ruwa ne, bai fi burodi girma ba. Kawunki ya shekara saba'in yana ba da labari, bai taɓa auna ko ɗaya ba kafin ya faɗa.

Ga yadda al'amarin yake. Inabin bana ya ba da kilo ɗari uku da arba'in. Mahaifiyarki Nuhad ce ta datse rassansa da hannunta a watan Fabrairu, wata uku kafin rasuwarta, saboda haka shi ne na ƙarshe da hannunta ya taɓa. Ya kwana ashirin a ganguna, ya daina kumfa. Na ƙudura in mayar da shi arak, barasar nan tamu, yadda muka saba, dahuwa uku, ba tare da asarar ko kofi ɗaya ba.

Kin san yadda aikin yake rabe tsakaninmu shekara arba'in da huɗu. Ni ina bakin bututu da ma'aunaina, ita tana wajen gangar da bututun ya ratsa, tana kwashe ruwan da ya ɗau zafi, tana zuba na rijiya, domin tururi ya huce ya ɗigo. Yanzu ba zan iya tsayuwa wuri biyu ba. Tanyus ya ce, "Injiniya, ba ni bokitin mana, ai a gidanmu ta koya." Na gode masa, na ƙi. Da hannu biyu yake surutu, ban san da wanne zai riƙe bokitin ba.

Injuna uku na gwada a takarda. Babban zai cinye rabin wutar da mai janareto ke ba mu, firiji ya tsaya. Na biyu nutsa shi ake yi cikin ruwa, ni kuwa ba na yarda da abin da ba na gani yana aiki. Na ɗauki na uku. Na girka shi ƙasa da tankin ruwan rijiya don kada ya sha iska, na sa famfo a inda ruwa ke fita, ba inda yake shiga ba, domin injin da aka shaƙe wa mashiga ƙonewa yake yi. Shekara talatin da biyar a aikin ruwa sun koya mini wannan. Na ɗiga jan fenti inda famfon zai tsaya: lita shida a minti, sanyi digiri goma sha ɗaya, ba hawa ba sauka. Daidaiton da na yi ta roƙon mahaifiyarki ke nan, ban samu ba.

Ki gaishe da kowa da sunansa.

Mahaifinki,
Iskandar Sawaya

Zahle, 5 ga Nuwamba

'Yata Dalal,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku duka. Wasiƙarki ta iso. Ina cin abinci, kada ki damu. Matar maƙwabci tana aiko da wake da shinkafa fiye da bukatata.

Na so in jinkirta wannan takarda, amma na fi son ki ji daga gare ni kafin waya ta kawo miki shi da ƙari.

Dahuwa ta farko da ta biyu sun tafi yadda na tsara, har na ji wani alfahari wanda yanzu nake kunyarsa. Abin da ya fito ya cika manyan kwalabe biyu. Ranar Asabar da hantsi na juye ɗaya a tukunya, na zuba yansun, ƙwayar da ke ba arak ƙamshinsa, na liƙe bakin murfi da kwaɓin fulawa, na kunna wuta kaɗan, na tayar da injin. Tanyus ya zo ba a gayyace shi ba, ya zauna kan akwati yana fasa gyaɗa.

Wajen awa uku ɗigon ya soma raguwa. Na duba wuta, na duba injin, kowane yana kan ƙa'ida. Tanyus ya tashi ya tsoma hannu a gangar, ya fizge shi, ya ce, "Haba Injiniya, gawa kake wa wanka? Rage ruwan nan!" Na ce masa ya koma ga gyaɗarsa. Ya ce, "To, ranka ya daɗe, mu da ba mu je karatu Faransa ba mun yi shiru." Bayan minti ashirin ɗigon ya tsaya cak, kwaɓin fulawar ya tsage, tururi ya yi ta feshi ta gefen murfi. Na kashe wuta da sauri, Allah ya kiyaye. Amma abin da ya tafi ya tafi. Tsakar gida ta cika da ƙamshi, muna tsaye muna shaƙar rabin inabin mahaifiyarki. Ɗan abin da na tara kuwa, da na zuba masa ruwa, ko fari bai yi ba sosai, alhali arak mai kyau fari fat yake komawa.

Da muka kwance bututun, sai ga shi toshe da wani farin abu kamar kitse. Man yansun ne, sanyi ya daskarar da shi. Tanyus bai yi mini dariya ba, na kuwa so a ce ya yi. Ya ce, "A ta uku ba a ba shi sanyi, ɗan'uwa. Ɗumi-ɗumi ake barinsa, kamar ruwan wankan jariri. Haka tsohuwarmu ta koya mana." Na ce me ya sa Nuhad ba ta taɓa gaya mini ba. Ya ce, "Ta gaya maka shekarar aurenku. Ka ce ta kawo maka a lamba."

Dalal, kowace kaka, a dahuwa ta uku, nakan ga mahaifiyarki ta rage zuba ruwa, ta tsaya hannunta a cikin ganga tana kallon dutse. Nakan yi mata faɗa, a gabanku ma. Takan ce, "To, malam, ka rubuta." Ni kuma in rubuta.

Saura kwalba ɗaya. Ban taɓa ta ba, kuma ban san ko zan iya ba.

Mahaifinki,
Iskandar

Zahle, 16 ga Nuwamba

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da maganarki, amma ba zan bar kwalbar sai kin zo da bazara ba. Tsoro ne zai sa in bari, kuma na san shi.

Na ɗauko littattafan da nake rubuta zafin ruwa a ciki tun farkon aurenmu, guda goma sha ɗaya. Na kwana uku ina bin shafukan dahuwa ta uku. A shekarun da ma'aunina ya nuna daidai, ruwanta bai taɓa sauka ƙasa da digiri ashirin da biyu ba, bai taɓa wuce ashirin da biyar ba. Da tafin hannu kawai, Dalal. A wurin aikina ban taɓa samun ma'aikacin da ya riƙe ƙa'ida haka ba. A gefen kowace lamba kuma, da rubutuna mai kyau, na sa kalmar "sakaci". Na ƙirga, sau talatin da takwas.

Ranar Alhamis na je gidan Tanyus da kaina na roƙe shi. Ya ce, "Wa ya mutu, Injiniya, har ka taka ƙofata?" Sai ya tuna da Nuhad, ya ɗauko hularsa.

Na kankare jan fentin. Na rage famfon zuwa lita ɗaya da rabi, injin yana ta aikinsa ba gardama. Tanyus ya tsaya inda mahaifiyarki take tsayawa, hannunsa cikin ruwa, yana cewa ƙara, rage, ni ina juya famfon yadda ya ce. Ma'aunin yana hannuna na hagu, ya yi ta yawo tsakanin lambobinta. Awa bakwai muka yi, kuma ki yarda da ni, kawunki bai ba da labari ko ɗaya ba.

Lita goma sha huɗu muka samu. Na zuba masa ruwa, ya yi fari fat kamar madara. Tanyus ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya ce, "Ya kusa." Gaskiya ya faɗa. Na juye shi a tulun ƙasa. Da yamma na tafi maƙabarta bayan coci, na tsaya a kan kabarinta, na ga ban shirya jimlar da zan faɗa ba, ni da ban taɓa rasa jimla ba. Na cire ciyawa, na dawo.

Matar Ramzi ƙarami, ɗan unguwarmu mai sunan mijinki, za ta taso wajenku ranar Litinin, ta yarda ta ɗaukar mini ƙunshi. Ki duba ki tabbatar ya cika:

Na ɗaya, busasshen ɓaure kilo ɗaya, na yara ne.

Na biyu, kwalba ɗaya ta arak, na liƙe bakinta da kakin zuma. Kada a buɗe kafin wata shida.

Na uku, takarda mai shafi biyu, yadda ake dahuwa ta uku daga farko har ƙarshe. Ni na rubuta, amma na sa sunan mai aikin a sama: Nuhad. Idan yara suka tambayi abin da kakansu yake yi a lokacin, ki ce musu yana riƙe da alƙalami.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Iskandar Sawaya