Saboda Kai Na Zaɓi Fannin Wuta

Zuwa ga Dogo, sanyin idona kuma mai sa shi hawaye, inuwata da ta gusa daidai lokacin da rana ta take, hadarin da na shaƙi ƙamshinsa ya wuce ya zuba a gonar wasu.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda har yau ba ta iya yin fushi da kai na yini guda ba. Saƙonka ya same ni ranar Talata da hantsi, ina gindin transfoma da hular kwano a kaina, hannuna duk baƙin mai. Layi uku ne. Ka ce in ajiye aikina in biyo ka, ka kama gida mai ɗaki biyu, sauran za mu san yadda za a yi. Shekara uku ina jiran ka ce in zo. Da ka faɗa, sai na nemi dakali na zauna, na lalubi murna a ƙirjina na rasa.

Ka tuna ranar da shugaban sashe ya shigo mana aji uku na jami'a da fom a hannu, ya ce lokaci ya yi da kowa zai zaɓi fanninsa? Abu huɗu ya rubuta a allo: tashoshin wuta da manyan wayoyi, sadarwa, sarrafa injinan masana'anta, sai ƙananan na'urori da kwamfuta. Duk ajin an san inda zan dosa. Ni 'yar mai gyaran rediyo ce. Tun kaina bai kai tsawon teburin Baba ba nake miƙa masa dalma, nake tsince masa kusoshin da suka faɗi. Burina in ƙera 'yar na'urar da ke jin bugun zuciyar jariri tun yana ciki, wadda ungozoma za ta jefa a aljihu ta tafi da ita ko'ina. Kai kaɗai na faɗa wa wannan, a ɗakin gwaji, kana hura mini yatsan da ƙarfen dalma ya ƙona.

Me ka ce da ni ranar zaɓen, ya kai mai muryar da ta fi iskar bayan ruwa daɗi? Ka ce, "Wa zai ɗauke ki aiki da waɗannan ƙananan abubuwa? Mu ɗauki wuta tare. Ko'ina ana neman masu wuta, tasha ɗaya za a tura mu, mu fita tare mu dawo tare." Na karɓi biro daga hannunka, da ɗumin yatsunka a jikinsa, na sa alama a layin farko. Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana kallon cikin rediyon da ke gabansa, sannan ya ce, "To, Allah ya sa alheri, uwata." Da ma faɗa ya yi mini.

Bayan sati biyu aka liƙa sunaye. Sau uku na bi jerin 'yan wuta da yatsa, ba ka ciki. Ƙawata ce ta ja ni zuwa takarda ta gaba, ta 'yan sadarwa, ga sunanka na huɗu. Ashe kawunka ya yi maka alkawarin gurbi a wani kamfanin waya, ka koma ofis ka canza, ka fito ka ci gaba da raka ni bakin ƙofar makaranta kullum kamar babu komai. Na ruga in canza nawa, sakatare ya ce an rufe tun Juma'a. Da na same ka, dariya ka yi, ka ce, "Haba, ai bene ɗaya ne tsakaninmu." Yau benen nan ya zama tafiyar yini guda a mota, Dogo.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na lalace ba. Na karanta abin da ba shi na so ba har na fi kowa maki. Yanzu ni kaɗai ce mace cikin maza goma sha huɗu a tasharmu, Anti Fis suke ce mini, wato fis ɗin nan da ke kare wayoyin wuta daga ƙonewa, kuma idan transfoma ta canza kuka, ni ake kira in saurara. Ranar da layin wutar asibiti ya yanke, ni na gano inda ya ƙone, muka mayar da wuta kafin la'asar. Na iya aikin, har na fara jin kunyar cewa ba na son sa. Amma ranar da na shiga asibitin duba mita na ga wata na'urar awon ciki an ture ta lungu ta yi ƙura don babu mai gyara ta, sai da na fita bayan gini na share ido.

Kai kuwa, tauraron da na bi ya ɓatar da ni, kana can kana kafa dogayen turakan da ke haɗa muryar uwa da ta ɗanta daga uwa duniya. Yaya aka yi mai haɗa muryoyin jama'a ya kasa haɗa tasa da tawa sai ranar Lahadi, minti biyar? Kuma idan na yi ƙorafi, ka ce da ni babu sabis? Kai da bakinka?

To ga nawa labarin. Watanni huɗu da suka wuce na nemi gurbin digiri na biyu a fannin na'urorin asibiti, a tsohon sashenmu, Asabar da Lahadi, ba tare da na bar aiki ba. An ɗauke ni. Za mu fara watan gobe. Ban gaya maka ba, kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗin ɓoye maka. Baba na fara kai wa takardar. Ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓa.

Saboda haka ba zan ajiye komai ba, masoyina. Sau ɗaya na ajiye, na ga yadda ake yi da abin da aka ajiye. Idan kana so na, ai nan ma akwai turaka, nan ma mutane suna waya. Ka nemi canjin wurin aiki, ka zo ka zauna a bencin shagon Baba, ka dube ni ka ce, "Na cuce ki." Shekara biyar ba ka taɓa faɗa ba. Kalma uku ce, kuma wallahi kafin ka rufe baki na yafe, don yafiyar tana nan a ajiye tun tuni, mai karɓa ne bai zo ba.

Yayata ta gaji da kawo mini maganar wasu. Akwai na kirki a cikinsu, har da wanda ya fi ka haƙuri da gaskiya. Na zauna da shi, na saurare shi, sai na tsinci kaina ina neman yadda kake karkatar da kai idan za ka yi dariya. Wannan ne ciwona, kuma ban ga ranar warkewa ba. Idan ba ka zo ba, ba zan zage ka ba, ba kuma zan so wani ba, na gwada ban iya ba. Zan dai ɗauki jakata ranar Asabar in tafi aji.

Taka har ƙarshen numfashi, ko ka cancanta ko ba ka cancanta ba,
'Yar mai gyaran rediyo.