Ƙugiya Mai Ruwan Hoda

Zuwa ga Yaya Loretta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Jiya na raka Baba kogi, kifin stilhed ya fara hawowa daga teku. Da ya buɗe akwatin fatsarsa sai da na ja da baya. Baƙaƙen ƙugiyoyin nan da ya shekara arba'in yana ɗaura wa gashin tsuntsu da hannunsa don jawo kifi, ko ɗaya babu. Sai masu ƙyalli, ruwan hoda da ruwan lemo, har suna kashe ido. Baba fa! Mutumin da ya taɓa wurgar da tawa mai ƙyalli cikin ruwa, wai kayan wasan yara ne.

Na ce, "Baba, yau kuma?" Ya ce ruwa ne ya yi laka. Yaya, ruwan nan garau yake, ana ganin duwatsun ƙasa.

Ƙanenki,
Wendell

Wendell,

Na samu wasiƙarka, muna lafiya. Baba ya sa na yi alkawarin yin shiru, amma na gaji da riƙe abin ni kaɗai. Idonsa ne ke tafiya, likita ya gaya masa tun watan Afrilu. Ba ya ganin baƙar ƙugiya balle ya zura mata zare. Ba don kifi ya sayi masu ƙyallin ba, don kansa ne.

Wanda ba ya ganin ƙugiya, yaya zai ga dutsen da zai taka a cikin kogi? Ka ɓoye takalman shiga ruwansa. In ya yi faɗa, ka ce ni na sa ka.

Yayarki,
Loretta

Yaya,

Na ɓoye su. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kwana uku ke nan yana zaune bakin taga da akwatin a cinya, ko kofi ba ya shanyewa. Ni dai na tsani kaina. Ga takarda ya ce in haɗa miki, ban karanta ba.

Wendell

Loretta 'yata,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, su kaɗai nake iya gani.

Ki ce wa ƙanenki ya dawo mini da takalmana, na san ke kika sa shi. Na yarda ya shiga ruwan tare da ni, ya riƙe mini ɗamara kamar yadda na riƙe masa yana ƙarami. Likita ya ce baɗi ko mai ruwan hodar ba zan gani ba. Bana ina ganinta.

Babanki,
Orrin