Mama da Goggon Saƙa Sun Bari Sai Bayan Zaɓe

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Barka da sauka lafiya, Yaya. Allah Ya raya mana jaririya, Ya mayar miki da ƙarfin jikinki, Ya sa mai jin ƙanku ce. Hoton da kika turo ya zaga gidan nan har ya gaji. Mama ta ce hancin marigayi Baba ne sak, Yaya Dogo kuma ya dage wai kunnuwansa ta ɗauko, na ce Allah Ya raba ta da wannan gado. Mu ma nan muna lafiya gwargwado. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, Yaya Dogo ya koma shagonsa, ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina.

Yaya, akwai maganar da muka ɓoye miki, kuma umarnin Mama ne, domin ta ce kada a tayar miki da hankali da tsohon ciki. Yanzu da kika sauka na ɗauki waya ba sau ɗaya ba, sai in sake ajiye ta, shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yi haƙuri, ki samu wuri ki zauna. Allah Ya yi wa Goggon Saƙa rasuwa. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta goya mu ɗaya bayan ɗaya, ta riga mu gidan gaskiya jim kaɗan bayan zaɓe. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, ta tafi ba sa magana da Mama.

Na san za ki ce ba zai yiwu ba. Ke ma kin san yadda suke. Kullum da hantsi Goggo za ta shigo da kwandon zarenta, ta zauna a kujerar nan ta bakin ƙofar kicin, Mama na kwaɓa fulawa da bota, ita tana saƙa da kwarashi, bakinsu bai hutawa. Ita ce mai ɗanɗana duk kek ɗin da ya fito daga tanda, kuma ba ta taɓa yarda cewa sukari ya isa ba. Mama kuwa takan ce hulunan da Goggo ke saƙawa sai mai kai biyu. Haka suke tun kafin a haife ni.

Da aka fara yaƙin neman zaɓe, unguwa ta rikice. Motocin lasifika ba sa barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, fastoci kuwa har jikin ƙofarmu, yau a liƙa wannan, gobe a liƙa wancan a kansa. Yaya Dogo ya bi wani ɗan takara, Makaniki ɗan Goggo ya bi abokin hamayyarsa. Da farko abin dariya ne a wurin tsofaffin nan. Goggo ta saƙa wa ɗanta hula mai launin jam'iyyarsu, Mama ta ce da ya sa ta sai ya koma kamar butar shayi. Goggo ta rama da cewa ɗan takarar su Dogo ko a hoto ya yi kama da mai jin barci. Suka yi ta ƙyaƙyatawa, suna cewa cikin mutanen biyu babu wanda ya san da zamansu a duniya.

Ana cikin haka shugabar matan jam'iyyar su Yaya Dogo ta ba Mama aikin babban kek na ranar taronsu, mai hawa-hawa, a yi masa ado da launin tutarsu. Mama ta ji daɗi ƙwarai, domin ba ta taɓa samun aiki irinsa ba, Goggo ma ta taya ta fasa ƙwai. Ana gobe taron sai faɗa ya kaure tsakanin matasan ɓangarorin biyu a bakin titi, aka jefi Makaniki da dutse a ka, aka kwashe shi zuwa asibiti jini ya wanke masa riga. Kafin a ce me, magana ta zaga wai an ga Yaya Dogo cikin masu jifan. Ya rantse yana shagonsa, amma kin san unguwa in ta riƙe magana.

Washegari da safe Goggo ta shigo kicin daga asibiti, ko takalmi ba ta cire ba. Ina tsaye ina riƙe wa Mama faranti, tana shafa wa kek ɗin launinsa na ƙarshe. Goggo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi Mama ko har yanzu kai musu za ta yi, alhali ɗanta na kwance an naɗe masa kai. Mama ta ce alkawari ta ɗauka, kuma kek bai jefi kowa ba. Goggo ta ce gaskiya ne, kek bai jefi kowa ba, amma wanda zai ɗauke shi ya kai fa? Nan Mama ta ajiye wuƙar shafawa, ta ce in Goggo ta yarda ɗan da ta goya da bayanta zai fasa kan ɗan'uwansa, to babu sauran abin da za su ce wa juna. Goggo ta sunkuya ta jawo kwandonta daga ƙarƙashin kujera, ta fita. Ba ta buga ƙofa ba, Yaya, a hankali ta jawo ta.

Daga ranar gidan nan ya canza. Mama ta ci gaba da gashi, amma da rediyo a kunne don kada ta ji shiru. Sai ta fitar da kek ta yanko gefe ta juya wajen kujera, sannan ta tuna, ta miƙo mini. Da aka sallamo Makaniki ta gasa biredin da yake so ta aike ni da shi. Goggo ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi lafiyarki da ta cikin, amma ta ce in mayar, likita ya hana su kayan fulawa. Ni da ita mun san ba haka ba ne. Da na dawo da shi Mama ta rufe shi da tawul ta shiga ɗaki. Na roƙe ta ta taka ta je da kanta, ta ce a bari ƙurar zaɓe ta lafa tukuna, yanzu kowace magana da launin jam'iyya ake jin ta.

Ranar zaɓe a layi ɗaya suka tsaya, mutane kaɗan ne tsakaninsu. Rana ta yi zafi, na lura Goggo ta rame, tana dafa katangar makaranta. Mama ma ta lura. Ta miƙo mini ƙaramar kujerar da na riƙo mata saboda gwiwarta, ta ce in kai wa waccan mai taurin kan, kada in ce daga ita ne. Goggo ta zauna, ta waiwayo ta dubi Mama, Mama ta yi kamar tana neman katinta a jaka. Da muka jefa ƙuri'a muka fito, Mama ta ce da zarar an faɗi sakamako za ta gasa kek mai sukari da yawa ta shiga da shi, ta ga ko za a kore ta.

An faɗi sakamako, muka ga 'yan takarar biyu a talabijin sun rungume juna suna murmushi. Mama ta aike ni na sayo bota da ƙwai. Kwanon kwaɓi na hannunta da hantsi muka ji kuka ta bayan katanga. Goggo ta faɗi ne a tsakar gida tana shanya, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, ashe ta jima tana ɓoye ciwon. Mama ta shiga gidan da fulawa a hannuwanta, ta durƙusa a kanta tana kiranta da sunan tsokanar da take kiranta, tana cewa ta tashi ga ta ta zo. Ban taɓa jin Mama ta yi irin wannan kuka ba, ko a rasuwar Baba.

Bayan mutane sun ragu, Makaniki ya shigo ya tsuguna gaban Mama. Ya ce shi bai ga wanda ya jefe shi ba, kuma tun yana asibiti ya gaya wa mahaifiyarsa ba Dogo ba ne. Ya ce ta yarda, kunya ce kawai ta hana ta dawowa, kullum sai ta ce masa bayan zaɓe za ta shiga ta ba ƙawarta haƙuri. Yaya Dogo na jin haka ya fita waje. Na same shi yana ɓare fastocin ƙofarmu da farce, har yatsunsa suka yi jini.

Makaniki ya bar wa Mama wata leda. Bargon jarirai ne Goggo ta fara saƙa wa 'yarki, ta kai shi rabi, kwarashin na soke a jiki. Kin san Mama ba ta iya saƙa ba, ta sha cewa aikin marasa abin yi ne. Amma tun ranar ta rufe tanda, ta zauna tana koyo, ta saƙa ta warware, ta saƙa ta warware, ta hana ni in sa hannu. Yanzu ta ƙarasa bargon, shi ne na haɗo miki da wannan takarda. Za ki ga gefe ɗaya ya tafi sumul, ɗayan ya karkace, har da ramuka. Don Allah kada ki gyara, ki lulluɓa wa yarinya a haka, ki turo wa Mama hoto.

In kin kira ta, kada ki ce mata ba laifinta ba ne, kowa ya faɗa ba ta ji. Ki bar ta ta ba ki labarin ƙawarta, ko da wanda kika sha ji ne. Ki sa Goggo cikin addu'a, Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya haɗa su da Mama a inda babu rabuwa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida yaran, babban yaya da mai sunan Mama, ki shafa mini kan jaririya. Mama na sa muku albarka. Yaya Dogo da matarsa suna gaishe ki, Makaniki ma ya ce a yi miki barka. Saura kaɗan in rubuta cewa Goggo na gaishe ki, hannu ya saba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Auta