Kada Kowa Ya Tayar da Jar Motar

Da sunan Allah. Ni Isyaku makanike na Gyaɗi-Gyaɗi, ina cikin hankalina sarai, numfashi ne kawai yake mini gardama. Lawan, Sani, Bilkisu, ku karanta wannan tare.

Na ɗaya. Gida da gareji a raba su yadda shari'a ta ce. Roƙona kawai ku bar mahaifiyarku Hajara a ɗakinta.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Jar motar da muke sake haɗa wa inji saboda Sani, kada kowa ya tayar da ita. Mun ɗora mata sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Injin da ake yi wa haka ba ya son matsi mai yawa a silinda, ramin da mai ke ƙonewa a ciki. Lawan ya ce a tsaya a tara a ma'aunin matsin. Sani, da yake shi gudu ne addininsa, ya ce sha ɗaya. Na bi Sani. Sannan hannuna ya yi abin da ya saba: mu tsofaffin makanikai ba ma buɗe inji mu mayar ba tare da mun kai top, wato murfin saman injin, an goge ba. Gogewar nan kuwa ƙara matsi take yi. Da irin man da muke sha a garin nan, wuta za ta riƙa kamawa kafin lokacinta, fistin da ke kai-komo a cikin silindar ya narke, kuma ba a tsaye zai narke ba, sai mota tana tsakiyar gudu.

Lawan, ka faɗa mini haka watan jiya a gaban masu motoci. Na ji zafi, na yi maka tsawa, ka kwashe sifanoninka ka koma Unguwa Uku. Tun ranar kai da ƙaninka sai gaisuwa daga nesa. Ni na jawo. Kunya nake ji, ga shi yanzu ko noti ɗaya ba zan iya kwancewa ba.

Na uku. Makullin motar yana hannun Bilkisu. 'Yata, na san Sani da daɗin baki, zai zo yana kiranki Hajiya Babba. Kada ki ba shi sai kin ga su biyun a ƙofarki.

Na huɗu. Sani, ka je Unguwa Uku da ƙafarka, ban ce ka buga waya ba. Ku kwance injin tare, a sauya fistocin, a sa gaskit mai kauri a ƙarƙashin top ɗin don matsin ya ragu. Abin da yayanka ya yanke shi za a yi. Lawan, idan ya zo kada ka tuna masa komai, ni za ka yafe wa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku masu jin maganarku fiye da yadda na ji taku. Ku riƙe juna. Ni na shirya wa tafiyata. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne Sani ya biyo bayana a injin da na ɗaure da hannuna.